Kwalbar da ke cikin jaka: me ya sa ake hana fasinja shan giyarsa a cikin jirgi?

Duk wanda ya saba zama wajen mai shayi a Palladan da la'asar ya saba da kukan ƙananan jiragen ɗalibai suna kewaya saman unguwa, su sauka su sake tashi. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jirgin sama a Zariya, shi ya sa hirar jirgi ba baƙuwarmu ba ce. Ko wanda bai taɓa taka matakalar jirgi ba yana da ɗan'uwa ko maƙwabci da ya yi karatu ko aiki a can. A watan Agustan 2025 hirar teburin ta tattara kaf a kan filas guda ɗaya.

Ranar 5 ga watan, a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, wani fitaccen mawaƙin Fuji ya zo hawa jirgin ValueJet mai zuwa Legas riƙe da filas. Ma'aikata suka nemi sanin abin da ke ciki, gardama ta ɓarke, har ta kai shi ga tsayawa a gaban jirgin yana shirin tafiya. Hukumar kula da filayen jiragen sama, FAAN, ta ce giya ce a ciki. Shi kuma ya ce ruwa ne da yake sha saboda lafiyarsa. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, NCAA, ta dakatar da matuƙan jirgin biyu, mawaƙin ma aka hana shi hawa jirgi na wani lokaci, daga baya ya ba da haƙuri aka sassauta masa.

A teburin shayi kowa da inda ya sa gaba. Wani ya ce abin mutum abin mutum ne, ina ruwan kamfani da cikin filas ɗinsa. Wani ya ce in dai giya ce to ya ga abin da ya gani. Sai wani dattijo da ya yi shekaru yana zirga-zirgar kasuwanci zuwa Dubai ya ajiye kofinsa ya ce, shi abin da ya ɗaure masa kai shi ne, jiragen nan da kansu suke turo amalanke suna zuba wa mutane giya a kofi, to mene ne na hana mutum shan wadda ya saya da kuɗinsa? Wannan tambaya ita ce ta bi ni har gida.

Ni ba na sha, addinina ya haramta mini, kuma na san mafi yawan masu karanta wannan haka suke. Amma maganar ta shafe mu. Zariya gari ne na mutane iri-iri, daga Sabon Gari zuwa Wusasa zuwa Samaru, kuma malaman jami'a da ɗalibai da 'yan kasuwa kullum suna kan hanyar Kano ko Abuja don kama jirgi. Ba kai kake zaɓar wanda zai zauna kusa da mahaifiyarka na tsawon awa bakwai ba. Sannan dokar da ke tare kwalbar wani ita ce dai take tare gorar kununka.

Ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa abubuwa uku da dokar jirgi ta raba: ɗaukar kwalba a cikin kaya, wucewa da ita wajen bincike, da buɗe ta a sama. Kowanne da dalilinsa, masu tsaron ƙofofin ma ba ɗaya ba ne.

Ƙofa ta farko maganar gobara ce kawai, domin barasa tana kamawa da wuta. Ƙa'idar kaya masu haɗari ta duniya ta ce abin shan da ƙarfin barasarsa bai wuce kashi 24 cikin 100 ba, ba a lissafa shi cikin kayan haɗari, kuma giyar inabi a nan take, tunda yawancinta tsakanin kashi 12 ne zuwa 14. Daga 24 zuwa 70, lita 5 kacal aka yarda wa mutum ɗaya, a cikin kwalbar kamfani da ba a fasa hatiminta ba. Abin da ya haura 70 ba ya shiga jirgin fasinja ko ta wace hanya. Bayan wannan akwai kwastan ɗin ƙasar da za a sauka. Saudiyya ta haramta giya tun 1952, don haka wanda ya sauka da ita a Jidda, izinin da ya samu a wajen awon kaya ba zai cece shi ba.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda kowannenmu ya sani. A watan Agustan 2006 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo shirin wasu mutane na tarwatsa jiragen da ke tashi daga Landan zuwa Amurka da Kanada, da sinadarai masu fashewa da za a ɗura a robobin lemo. Daga nan aka kafa ƙa'idar da ta bazu duniya: duk wani abu mai ruwa-ruwa da zai shiga jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100, kuma a tattara su cikin leda mai haske da ba ta wuce lita ɗaya ba. An yi rangwame ga magani da madarar jariri. Kwalbar giyar inabi mililita 750 ce, ba ta wucewa. Ruwan leda ma ba ya wucewa, haka zoɓo, haka fura. Na'urar bincike ba ta tambayar halal da haram, girman mazubi take dubawa.

To amma da zarar an tsallake bincike, sai ga kantunan da ba a biyan haraji a jere, kwalabe suna ƙyalli har rufi. Wanda ya saya, za a sa masa a wata leda ta musamman a liƙe bakinta, da rasit a ciki, yadda in an ɓare za a gane. Akwai kuma 'yan ƙananan kwalabe masu mililita 50 da ke wuce bincike lafiya lau. Ke nan giya tana iya isowa har gindin kujerar fasinja ba tare da an karya doka ko ɗaya ba. A nan ne mutane ke yin kuskure, su ɗauka tunda an bar su sun shigo da ita an bar su su sha. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Dokar Amurka ce ta fi fitar da ƙofa ta uku a fili. A cikin dokokin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasar, FAA, sashe na 121.575 ya ce ba wanda zai sha barasa a cikin jirgi sai wadda kamfanin jirgin ya zuba masa. Sashen ya hana kamfani zuba wa wanda ya nuna alamar maye, ya kuma hana shi ɗaukar wanda ya iso ƙofa a buge. A lura da lafazin. Dokar ba ta damu da wa ya sayi kwalbar ba, hannun da ya zuba ta take tambaya. A Birtaniya kuma kasancewa cikin maye a jirgi shi kansa laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har shekara biyu. Inda dokar ƙasa ba ta faɗi abin dalla-dalla ba, sharuɗɗan da fasinja ya amince da su lokacin sayen tikiti suna cike gurbin, kuma bijire wa umarnin ma'aikacin jirgi laifi ne mai zaman kansa.

Ina da 'yar ƙanwa da ta yi kwas ɗin aikin kula da fasinjoji, yanzu tana aiki da wani kamfani mai zuwa ƙasashen waje. Da ta zo hutu na kawo mata tambayar dattijon nan. Ta ce, "Kawu, mu fa ƙirga muke yi. Na san na ba mai kujera kaza kofi biyu, na ga yadda ya karɓi na biyun, na ji yadda harshensa ya fara nauyi. In ya nemi na uku sai in kawo masa ruwa da abinci, in ja lokaci, in sanar da abokan aikina kada ya zagaya ta wajensu. Amma in kwalba tana jakarsa, ba ni da lissafi. Sai dai in gan shi ya miƙe yana tangaɗi."

Amsar ke nan, kuma da ta faɗa sai na tuna abin da na gani da idona a wata tafiyar dare. Mutumin da ke gefena, dattijo ne mai kamala, mun gaisa da mutunci, har ya taya ni ɗora jaka. Bayan an rage fitilu sai na ji ƙarar ɓare leda a hankali, irin ta wanda ba ya so a ji. Ya karɓi kofin roba na ruwa, ya shanye, ya sunkuya ƙarƙashin bargo ya tsiyaya. Ya sake. Kafin awa ɗaya muryarsa ta fara tashi, yana ba ni labarin da ban tambaye shi ba, hannunsa yana sauka a kafaɗata. Ma'aikaciyar ta zo ta durƙusa daidai kunnensa, ba ta ɗaga murya ba, ta ce ranka ya daɗe, ba a shan ta waje a nan, kawo in ajiye maka, za ka karɓa in mun sauka. Ya yi ɗan gunaguni ya miƙa. Ta dawo masa da ruwa kofi biyu. Mutanen layin gabanmu ba su ma san an yi ba. Na daɗe ina tunanin yadda daren zai kasance da ba ta lura ba sai bayan kwalbar ta kai rabi.

Abin da ya sa ƙirgar nan take da nauyi haka shi ne, jirgi ba shi da bakin hanya. In ka hau mota a Kwangila za ka Kano wani ya fara fitina, direba zai taka birki a Tashar Yari ko Kwanar Dangora ya ce sauka, a ci gaba da tafiya. A ƙafa 35,000 babu Tashar Yari. Babu ɗan sanda, babu asibiti, babu inda za a ja mutum gefe. Ma'aikata 'yan ƙalilan ne a kan mutum ɗari biyu ko uku, kuma ainihin aikinsu tsaron rai ne, rabon abinci ƙari ne. Kafin a ba kowane babban jirgi takardar izinin ɗaukar fasinja, sai an nuna za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa. Mutum ɗaya da ya kasa kwance bel ɗinsa, ko ya zube a tsakiyar hanya, ya isa ya cinye wa na bayansa waɗannan daƙiƙoƙi. Wake ɗaya ke ɓata gari.

In abin ya gagara, sai kyaftin ya karkatar da jirgi ya sauka a wani gari, kuma wannan ba ƙaramar asara ba ce. A watan Afrilun 2024 wani jirgin Ryanair da ya tashi daga Dublin zuwa tsibirin Lanzarote ya sauka a Porto saboda hatsaniyar fasinja ɗaya, mutum kusan 160 suka kwana a garin da ba su yi niyya ba. Kamfanin ya kai mutumin kotu yana neman yuro 15,000. A cikin irin waɗannan fasinjoji akwai mai zuwa ganin likita, akwai mai jirgi na biyu da zai kama, akwai mai goyo.

Jikin ɗan Adam ma ba yadda yake a ƙasa yake a sama ba. Ana matsa iska a cikin jirgi, amma ba a kai ta nauyin ta ƙasa. Zama a ciki kamar zama ne a kan tudu mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Tsaunin Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, ke nan fasinja kamar yana zaune ne a kusa da ƙololuwarsa. Iskar kuma a bushe take ƙamas, irin ta tsakiyar hunturun Zariya mai fasa leɓe. Ana yawan cewa kofi ɗaya a sama daidai yake da uku a ƙasa. Wannan zuzutawa ce, tsayi ba ya ƙara yawan barasar da ke cikin jini. Abin da ke faruwa shi ne nauyi kan nauyi: ƙarancin oksijin, ƙishirwa, gajiya, rashin barci, sannan barasa ta hau kai. A 2024 masu bincike na cibiyar nazarin sararin samaniya ta Jamus suka wallafa wani gwaji a mujallar likitanci ta Thorax. Sun kwantar da matasa masu ƙoshin lafiya a ɗakin da aka mayar da iskarsa kamar ta jirgi. Waɗanda suka sha kafin barci, oksijin ɗin jininsu ya sauka zuwa kusan kashi 85 cikin 100, bugun zuciyarsu ya hau zuwa kusan 88 a minti. Matasa ke nan. Sai a auna da dattijo mai hawan jini ko ciwon zuciya, wanda wataƙila ya haɗiyi maganin barci kafin ya shigo.

Matsalar ba ƙarama ba ce a ƙididdiga. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce a 2021 ana samun rahoton fasinja mai tayar da hankali sau ɗaya a cikin kowane tashi 835, a 2022 ya koma sau ɗaya a cikin 568. Maye yana cikin manyan dalilai, kuma a jerin nau'o'in bijire wa umarni da suka fi yawa ƙungiyar ta ambaci shan giyar da fasinja ya shigo da ita, tare da shan taba a banɗaki da ƙin ɗaura bel.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata ɗan Najeriya ya sani. Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ita ce ta ba kyaftin ikon sa a ɗaure fasinjan da ke barazana ga lafiyar jirgi, ya sauke shi, ko ya miƙa shi ga hukuma. Amma ta bar giɓi: hurumin hukunci na ƙasar da aka yi wa jirgin rajista ne. Sai mutum ya yi ɓarna a sama, a sauka a wata ƙasa, 'yan sandan can su ce ba hurumin kotunsu ba ne, ya kaɗe rigarsa ya tafi. A 2014 aka yi gyara a birnin Montreal wanda ya ba ƙasar da aka sauka a cikinta ikon gurfanar da shi. Gyaran yana buƙatar amincewar ƙasashe 22 kafin ya fara aiki, kuma Najeriya ce ta cike ta 22 ɗin a watan Nuwamban 2019. Ranar 1 ga Janairun 2020 ya fara aiki. Ƙasar da ta cike wannan lissafi bai dace a ce a filin jirginta ne babban mutum zai ga ya fi ƙarfin tambayar ma'aikaci ba.

Mu koma ga zargin dattijon teburin shayi, cewa kamfanoni kasuwarsu suke karewa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman a jiragen Turai masu arha inda ko ruwa sai ka saya. Amma zargin bai kai ko'ina ba. Manyan jiragen dogon zango irin su Emirates da Qatar Airways da Turkish Airlines ba sa karɓar kuɗin kofi, duk da haka ba su yarda kowa ya buɗe tasa ba. Saudia kuwa ba ta raba giya sam, ba ta da cinikin da za ta kare, kuma ba ta yarda a sha a jirginta ba. EgyptAir da Kuwait Airways su ma ba sa rabawa. Wanda zama kusa da amalanken giya ke damun zuciyarsa yana da zaɓi tun lokacin sayen tikiti.

Inda nake ganin dattijon yana da gaskiya shi ne, harkar jiragen ba za ta wanke hannunta ba. Mashaya a buɗe take a manyan filayen jirgi tun asuba. In jirgi ya yi jinkirin awa uku, wasu a can suke cinye awannin, ba mai ƙirga musu. Kanti ya sayar wa mutum kwalba 'yan taku kaɗan daga ƙofar shiga, sannan a bar wa yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai aikin raba shi da ita a sararin sama. Shugaban Ryanair, Michael O'Leary, ya fito a 2024 yana kira a taƙaita wa kowane fasinja kofi biyu a filin jirgi. Ko ma mene ne dalilinsa, ya taɓa inda ke ciwo: masu cin ribar suna ƙasa, masu ɗaukar wahalar suna sama. Ga matuƙa kuwa ba a yin sassauci. A Amurka doka ta hana matuƙi tashi sai awa 8 ta wuce daga shansa na ƙarshe, kamfanoni da yawa ma sun tsawaita. In an tsaurara haka a gaban jirgi, ban ga dalilin yin sako-sako da bayansa ba.

Na tambayi 'yar ƙanwata abin da ya kamata mutum ya yi in ya ga maƙwabcinsa yana tsiyayawa a ɓoye. Ta ce kada ya yi masa wa'azi, kada ya kai hannu ga kwalbar, kada ya ɗaga waya yana ɗaukarsa. Ya tashi kamar zai shiga banɗaki, ya gaya wa ma'aikaci a hankali, in akwai kujera a sauya masa. Ta ce sau da yawa abin da ke hura wutar shi ne mutum ya ji an kunyata shi a gaban jama'a, shi ya sa ake koya musu su durƙusa su yi magana ƙasa-ƙasa.

Mu da ba ma sha, namu rabon na wannan doka a ƙofar bincike yake, kuma na sha ganin yadda yake ɓata wa mutanenmu rai. Al'adarmu ce matafiyi ba ya fita ba guzuri. Uwa za ta tashi da asuba ta dama kunu, ta ɗura a filas, ta sa albarka. A je wajen bincike a ce a zubar, sai mutum ya ji kamar an wulaƙanta hannun da ya dama. Amma jami'in da ke tsaye a wurin ba shi da hanyar bambance filas ɗin kunu da na wani abu sai ya tsayar da layi gaba ɗaya, kuma ranar da ya fara ɗaga ƙafa don ganin rawani ko girman suna, ranar ce dokar ta mutu. Ko ruwan Zamzam, da duk darajarsa, alhaji ba ya rungumo shi ya shiga jirgi. Lita 5 ce a liƙe, ta hanyar da hukuma ta tsara.

Bara da gwaggona za ta Umara, daga Tudun Wada muka ɗauke ta zuwa Kano, da gorar fura a cinyarta. Tun a mota na ce, Gwaggo, ba a fafe gora ranar tafiya, wannan furar a nan ƙasa za ki shanye ta. Ta ce to ai ba za a yi asararta ba. Muka zauna a inuwa kafin a kira awon kaya, ta sha, ta ba jikokinta, ta ɗauraye gorar. Dambun nama da ƙuli-ƙuli suka shiga jaka, maganin hawan jininta da takardar likita suka shiga aljihun gaba inda hannu zai kai da wuri. Ta wuce bincike da gorar ba komai a ciki, a ɗaya gefen ta sayi ruwa ta cika ta.